Yadda Baba Ya Samo Min Kwamfutata

Ni mai zanen tabarma ne. Idan na faɗi haka mutane sukan yi dariya, wai tabarmar roba ma har zane ake yi mata? Ana yi mata kuwa. Duk wata fulawa ko dagi ko tauraro da ka taɓa zama a kai a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya tsara shi ɗigo bayan ɗigo, kafin a ba inji ya saƙa. Na yi shekaru ina wannan aiki a wani kamfani a Sharaɗa, unguwar masana'antu, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina.

A sana'ar tabarma kowa robarsa ɗaya, injinsa kusan ɗaya, wutar ma tare ake ɗauke mana. Abin da ke raba kamfani da kamfani shi ne zane. Idan azumi ya matso, dillalai sukan cika gari, wasu har daga ƙetare, kuma duk wanda ya riga fitar da sabon zane mai kama ido shi ne ya ci kasuwar shekarar. Saboda haka zanen bana sirri ne, ko masu gadin kamfani ba sa ganinsa sai ranar da aka ɗora shi a inji. Alhaji mai kamfaninmu mutum ne mai tsantseni, ko makullin sito ba ya ba ɗan cikinsa. Amma ni ya yarje min in riƙa tafiya gida da kwamfutar ofis, ƙarama ce ta rataya a jaka, saboda ya san a gida nake samun natsuwar zane. Ba ni da fili, ba ni da mota, ba ni da wani kwalin karatu mai nauyi. Yardar Alhaji ita ce jarina, kuma da ita nake ciyar da mahaifiyata da iyalina a Ɗorayi.

Wanda ya kai ni wurin Alhaji tun farko shi ne Baba. Ba shi ya haife ni ba, aminin mahaifina ne. Tare suka yi aikin masaƙa a Bompai tun suna samari, har masaƙar ta mutu aka sallame su rana ɗaya. Da mahaifina ya rasu, Baba ne ya tsaya a kan komai, shi ya karɓa min aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Daga baya Allah ya buɗa masa, ya kafa ɗan ƙaramin kamfanin tabarma a Challawa. Wato a kasuwa shi da Alhaji kishiyoyin sana'a ne, amma ni ban taɓa kallon abin haka ba. A idona shi Baba ne, mai zuwa gidanmu ranar Juma'a ya zauna a zaure ya tambayi Inna, mahaifiyata, ciwon ƙafarta.

An sace kwamfutar ne a masallacin bakin ƙofar kamfani, lokacin La'asar. Masallacin rumfar kwano ce, ma'aikatan kamfanonin layin duk nan suke salla, da direbobin tirela da masu lodi da duk wanda hanya ta biyo da shi. Na tashi daga aiki da jakata a kafaɗa. Sahu ya matse, sai na jingine jakar a jikin bango bayana, kamar yadda na saba yi, kamar yadda kowa yake yi da ledarsa da hular kwanonsa. Da aka sallame na juya, sai bango kawai. Na duba ƙarƙashin shimfiɗa, na duba wurin alwala, har cikin takalman mutane na leƙa kamar wanda ya zare. Gumi ya jiƙa min riga.

Nan take jama'a suka ce a yi cigiya. Haka muke yi. Akuya ta ɓata, cigiya. Yaro ya ɓata, cigiya. Ladan ya ɗauki lasifika, sai wani dattijo direba ya ce da shi, “Malam, ku faɗi abin da ke ciki. Ɓarawo ma mutum ne, idan ya ji zai jefa bawan Allah cikin masifa, zuciyarsa za ta karaya.” Kowa ya ce gaskiya ne, ni ma na ce gaskiya ne. Ladan ya gyara murya, lasifika ta kai maganar har ƙarshen layi:

“Jama'a, wanda ya tsinci jaka baƙa da kwamfuta a ciki, don girman Allah ya dawo da ita. Mai ita ya ce ba kwamfutar ce damuwarsa ba, abin da ke cikinta ne. Sababbin zanen tabarmar kamfani ne na bana gaba ɗaya, ba wanda ya taɓa ganinsu. Aikin bawan Allah ne yake kan siraɗi.”

Ka ji mu da kara, wai wanda ya tsinta. Ko ɓarawo ba ma iya kira da sunansa a masallaci.

Akwai wata mata 'yar Filato da ke kula da kwamfutocin ofishinmu, Madam muke ce mata. Daga tagarta ta ji cigiyar. Ina shigowa ta tare ni a bakin ƙofa, ranta a ɓace.

“Kai Malam, me ya sa kun yi haka? Da kun yi shiru, ɓarawon nan zai share komai ne ya sayar da ita ya huta. Yanzu kun gaya masa abin da ya ɗauka, kun gaya wa dukan Sharaɗa.”

Na ce mata ai haka ake yi. Ta ce ta sani, shi ya sa take jin haushi. Da ta ga halin da nake ciki sai ta sassauto. Ta ce zanen ba su ɓata ba, akwai kwafinsu a babbar kwamfutar ofis. Abin tsoro shi ne wani ya gan su. Amma ita da kanta ta kulle kwamfutar da irin kullen da ko masu gyara ba sa iya fasawa, idan ba kalmar sirri ba abin da za a gani sai dai a goge. “Kalmar nan tana bakinka,” in ji ta. “Ka bar ta a bakinka.”

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya saurare ni, ya saurari Madam, ya ce Allah ya mayar da alheri, tun da a kulle take a ci gaba da aiki. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na fita daga ofishinsa ina jin nauyinsa fiye da yadda na shiga.

Da Magariba a masallacin unguwarmu maƙwabta suka sa aka sake yin cigiya, da kalmomin da suka fi na Sharaɗa ban tausayi. Baba ma ya shigo unguwar ranar, yana sahun gaba. Bayan an shafa fatiha ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce, “Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Duk abin da aka sata a garin nan kasuwar waya yake kwana, kuma ina da yara a can. Ka bar min wannan.” Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na shiga gida na faɗa wa Inna, ta ɗaga hannu sama tana sa masa albarka.

Ba a daɗe ba, wata rana ina cin shinkafa da wake a rumfar mai abinci, janareton kamfanin kusa yana ta ruri, sai ga wayar Baba. Na ajiye cokali na toshe kunne ɗaya.

“An same ta,” in ji shi. “Baƙa ce, da ɗan tsagu a gefen murfi ko?”

“Ita ce, Baba! Wallahi ita ce!”

“To, amma wanda take hannunsa ya ce shi ma saya ya yi, ba zai sake ta ba sai an buɗe ya ga shaidar taka ce. Faɗa min kalmar da ake buɗewa.”

Maganar Madam ta faɗo min. Na ce, “Baba, ko in hau babur in zo in buɗe da kaina? Yanzu za ku gan ni.”

“Idan suka ga baƙuwar fuska za su watse da ita, shi ke nan an rasa.” Sannan ya ce, “Ko ba ka yarda da ni ba ne?”

Na faɗa masa. Har maimaitawa na yi, harafi bayan harafi, saboda ƙarar janareta. Na san wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce wauta na yi, kuma ya je ya yi ta faɗa. Mutumin da ya sa mahaifina a kabari da hannunsa ya tambaye ni ko ban yarda da shi ba, wace amsa ce ta rage min? Har yau ban karɓi laifin wannan ba, kuma ba zan karɓa ba.

Ranar bai kawo ba, ya ce mutumin yana ja. Washegari ma haka. Sai can ya zo da ita gidanmu da kansa, a naɗe cikin sabon ɗankwali, ya ajiye a gaban Inna. Inna ta yi kuka, ta sa aka yanka zakara aka kai gidansa. Ni kuwa na durƙusa ina godiya har ya ce ya isa haka, kada in sa shi jin kunya. Na tambaye shi abin da ya kashe, ya ce idan na sake wannan maganar zai yi fushi da ni.

Na kai ta ofis ina washe baki. Madam ta buɗe, ta tambaye ni yadda aka yi. Da na kai wurin kalmar sirri sai ta ɗora hannu biyu a ka. Na ce mata ga komai nan yadda na bar shi, ko ɗigo ba a taɓa ba. Ta ce, “Malam, ba kaza ba ce da idan an ɗauka za ka ga babu. Mutum zai kwafi komai ya bar maka naka a zaune.” Ta canza kalmar, kuma ta ce dole ta sanar da Alhaji, aikinta ne. Ban hana ta ba, don ban ga abin ɓoyo ba. Alhaji ya kira ni, ya tambaye ni ko da gaske na ba mai kamfanin Challawa kalmar. Na ce, “Ranka ya daɗe, ubana ne.” Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to, Allah ya sa haka.

Muka shiga shirin azumi. A cikin zanen bana akwai wanda na fi so, wata fulawa mai ganye takwas da na zagaye da sarƙa, kore da ruwan ƙwai. Na sha wahalarsa ƙwarai, don sai da na yi ta rage shi ina ƙarawa kafin inji ya yarda ya saƙa shi ba tare da zare ya tsinke ba. Alhaji ya ce shi za mu fara fitarwa, har an yi odar kalar robar.

Ba mu kai ga ɗora shi a inji ba, wata safiya aka ce Alhaji yana nemana. Ina shiga na ga tabarma a shimfiɗe a tsakar ofis, sabuwa fil, tana warin roba. Fulawata ce, da sarƙarta, da korenta da ruwan ƙwanta. Har wani ɗan karkacewa da na bari a kusurwa don sauƙin saƙa yana nan. Alhaji ya sa ƙafa ya juya gefenta, ga tambarin kamfanin Baba. Ya ce wani dillalinsa ne ya kawo masa daga kasuwa, kuma ba ita kaɗai ba ce, mota guda aka sauke.

Ka san abin mamaki? Ko a lokacin ban zargi Baba ba. Na ce lalle yaran kasuwar waya ne suka kwafa suka sayar wa wani a kamfaninsa bai sani ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ku kira shi. Shi zai faɗa muku yadda aka yi, shi ne shaidata.” Ni da bakina na roƙa a kira shi.

Alhaji ya kira, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta manya, iyali da kasuwa da tsadar man janareta. Sannan Alhaji ya ce ga abin da ya gani, kuma ga yaronsa a tsaye ya ce a tambaye shi.

Baba ya yi ajiyar zuciya, na ji ta sarai. Ya ce, “Alhaji, yaron nan ɗana ne, a hannuna ya tashi. Ni ba zan tona masa asiri ba. Ka san yaran yanzu, ga iyali, ga uwa ba lafiya, albashi ba ya kai wata. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ni dai roƙona, don Allah don Annabi, kada ka kai shi wurin hukuma. Ka dubi maraicinsa, ka dube ni, ka yafe masa.”

Bai ce na sayar ba. Bai yi ƙarya ɗaya da za ka kama ka nuna ba. Roƙo kawai ya yi min, irin roƙon da dattijo ke yi wa ɗan da aka kama da kayan mutane. Na buɗe baki na ce, “Baba, ku ji tsoron Allah! Ku faɗi gaskiya!” Sai ya ce, cikin murya mai taushi, “Yi shiru, ɗana, bar ni in gyara maka.” Na taɓa jin zafi a rayuwata, na binne uba, na binne 'ya, amma irin wannan baƙin cikin ban taɓa ɗanɗana ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa, kuma wanda ya tuɓe ni yana shafa kaina.

Alhaji ya kashe wayar. Na rantse masa da duk abin da Musulmi ke rantsuwa da shi. Na ce a kira Madam. Ta zo ta faɗi abin da ta sani, cewa an sace, an yi cigiya, an dawo da ita, kuma ni na ba da kalmar. Duk gaskiya ne, kuma da aka jera su a gaban tabarmar nan sai suka zama kamar shiri: ɗa ya ce an sace, uba ya samo, zane ya fita a kamfanin uba. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta yarda zan yi haka ba. Alhaji ya ce ya ji, ta koma bakin aikinta.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Saboda girman wanda ya roƙa, ba zan kai ka ko'ina ba. Ka ajiye kwamfutar, ka ajiye katin shiga. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.” Bai ko kalle ni ba lokacin da yake faɗa. Mai gadin da muke shan shayi tare kullum shi ya raka ni ƙofa, yana kallon ƙasa, ya caje aljihuna kamar yadda aka umarce shi.

Magana a Sharaɗa ba ta kwana. Na je kamfanoni a Bompai, na je Dakata, ko'ina sai a karɓe ni da fara'a, a ce an san aikina, a ce za a neme ni. Wani manaja da ya fi sauran gaskiya ya ce min, “Malam, hannunka yana da kyau, amma wa zai ba ka sirrinsa yanzu?” Na dawo gida a ƙafa ranar, don ban iya zama kusa da kowa a adaidaita ba.

Na yi ƙoƙarin faɗa wa Inna yadda abin yake. Ba ta san kwamfuta ba, ba ta san kwafi ba. Abin da ta sani shi ne an sace, Baba ya samo, an kore ni, Baba ya hana a ɗaure ni. Shi da kansa ya riga ni zuwa ya ba ta labari, ya ce ta yi haƙuri da ni, kuskure ne irin na ƙuruciya. Da na ce mata shi ya ci amanata, sai ta ce in rufe mata baki, kada baƙin ciki ya sa in zama butulu. Ta ce, “Ko ka yi ko ba ka yi ba, mutumin nan ya tsaya maka. Za ka je ka yi masa godiya, kuma da ni za a je.” Na ce ba zan je ba. Ta ce idan ita ta haife ni zan je.

Muka je da hantsi ranar Asabar. Ya karɓe mu a falonsa, ya sa aka kawo wa Inna lemo da matashin jingina ƙafa. Na durƙusa a gabansa. Kalmomin sun fito daga bakina kamar ana zare min ƙaya, amma sun fito: na gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Ya ce ba komai, abin da mahaifina zai yi wa nasa ɗan ke nan. Ya ce da Inna kada ta damu da maganar aiki, ƙofar Challawa a buɗe take, ba zai bar ɗan amininsa yana yawo a titi ba. Inna ta fara share hawaye da gefen mayafi.

Da muka tashi tafiya ya rako mu zaure. Inna ta yi gaba tana jan ƙafa. Sai ya riƙe hannuna, ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yana murmushi kamar mai sa albarka.

“Ka shigo ranar Litinin da wuri,” in ji shi. “Akwai guda biyu a cikin zanen nan da injinmu ya ƙi karɓa, zare sai tsinkewa yake yi. Yarana sun yi sun gaji. Kai ka zana su, kai za ka san inda matsalar take.”

Na zare hannuna. Na fita, ga Inna tana jirana a bakin titi. Na tare mana adaidaita, na taimaka mata ta hau, na zauna kusa da ita. Mun kusa gida ta dafa gwiwata, fuskarta cike da farin ciki irin wanda na daɗe ban gani ba.

“Ka gani ko?” ta ce. “Har aiki ya ba ka. Ka riƙe mutumin nan da kyau, irinsu sun ƙare.”